Malamin Coci A Ƙasar Kazaure: Abin Da Ƙauye Ke Koya Wa Wanda Aka Turo

Ana gane motar da ta ɗauko sabon ma'aikacin coci tun daga nesa. Yawanci ƙaramar a-kori-kura ce: katifa a naɗe a sama, buhun masara ɗaya ko biyu, turmi da taɓarya, akwatin ƙarfe cike da littattafai, babur a ɗaure da igiya, uwargida da ƙaramin yaro a gaba kusa da direba. Idan daga Kano ta taso, sai ta bi ta Dambatta ta shiga Kazaure, tafiyar kusan kilomita 80. Daga nan wata ta yi yamma ta nufi duwatsun Roni ko Gwiwa, wata ta miƙe hanyar Daura ta ratsa Achilafiya a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, wata kuma ta yi gabas wajen Babura, daf da iyakar Nijar. Ƙarshen tafiyar dai kusan ɗaya ne: a sauka daga kwalta, a bi burji ko yashi, a tsaya gaban wani ɗan gini mai rufin kwano da 'yan bencina a ciki, da ɗaki biyu a bayansa. Nan ne cocin, nan ne kuma gidan malami.

Wanda ya tashi a birni zai iya yin mamaki. Jigawa jiha ce da Musulmi suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma tun shekarar 2000 take aiki da shari'ar Musulunci. To ina Kiristocin da za a turo wa malami? Suna nan, iri biyu. Akwai na cikin gari, kamar a Kazaure: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa daga kudu, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima, da ɗalibai da malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu. Akwai kuma na karkara, waɗanda ba daga ko'ina suka zo ba. Hausawa ne gaba da baya, yawancinsu jikokin Maguzawa, manoma gero da dawa. Ba su da wani yare sai Hausa, ba su da wani garin da za su ce za su koma. Da yawansu kan kira kansu Masihiyawa. Su ne ake turo wa fasto, ko mai bishara, ko katikis, gwargwadon ɗarikar da suke bi. A ƙauye kuwa duk ɗaya ne, Malam ake ce masa.

Tsohon sawu

Ba yau aka fara wannan tafiya ba. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatinsu ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan kafa tasha a masarautun Musulmi. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS ya samu zama a birnin Zariya tun 1905, kafin aikin ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Ƙungiyar SIM kuwa, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, sai a shekarun 1930 ƙofar Kano da Katsina da Sakkwato ta buɗe mata, kuma ta hanyar jinya ta buɗe. Aka danƙa mata kula da masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe Musulmi da Kirista ke bin layi a cikinsa. Cikin tashoshin da ta kafa a lardin Kano akwai ta Roni, a ƙasar Kazaure, inda ta yi makarantar yara maza.

Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi sawun wannan zamani a littafin da ta fitar a 2014 kan asalin Kiristanci a Arewa. Abin da ya fito fili a bincikenta shi ne, kaso mai yawa na aikin 'yan ƙasa ne suka ɗauke shi a wuyansu: masu ba da magani, malaman aji, masu bishara da ke yawo ƙauye-ƙauye. Da Hausa suka yi aikin, domin tun 1932 aka kammala buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, mai hedkwata a Jos. Tun kafin nan, a 1948, an riga an kafa ƙungiyar tura masu bishara 'yan ƙasa, wadda yau ake kira EMS, kuma har yanzu tana ɗauko mutum daga garinsu ta kai shi inda bai san kowa ba. Katolikan Jigawa na ƙarƙashin bishop ɗin Kano, Angilika kuma suna da nasu bishop a Dutse tun 1996.

Ko mai karatu bai taɓa shiga gidan ma'aikacin coci ba, ya san aƙalla yaro ɗaya da ya tashi a cikinsa. Mahaifin Janar Yakubu Gowon ma'aikacin coci ne, mutumin Angas daga Filato, wanda aiki ya kawo shi Wusasa da iyalinsa. A can ɗan ya tashi, a can ya sha Hausar Zazzau.

Gaisuwa kafin wa'azi

Abu na farko da dattawan ikilisiya masu hankali ke yi wa sabon malami, tun bai gama kwance kaya ba, shi ne su kai shi gaisuwa. A fara da mai unguwa, a je wurin dagaci, in hali ya yi har gidan hakimi. A ƙofar zaure zai ga dattijon da ya rako shi ya tuɓe takalmi, shi ma ya tuɓe. Su shiga da sallama, su durƙusa, su dunƙule hannu su ce ranka ya daɗe. Ba shi ne zai fara magana ba. Dattijon ne zai ce ga malamin da aka turo mana, mun kawo shi ya gaishe ka, ya zama ɗanka. Dagaci ya tambayi garinsu, ya tambayi iyali, ya yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, fadawa su amsa da amin. Minti goma an gama.

Saurayin da ya fito daga makarantar tauhidi ta Jos ko ta Kagoro, ko makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa kusa da Kano, da takardar shaida a jaka da wa'azi cike da baki, yana iya ganin wannan ɓata lokaci ne. Sai ranar da awakin wani suka cinye masa wake, ko aka taso da maganar iyakar filin coci, ko yaron gidansa ya yi faɗa da yaron maƙwabci, sannan zai san amfanin cewa mai unguwa ya san fuskarsa, ya kuma san wanda ya kawo shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A ƙasar da sarauta ke da tsari tun zamanin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a 1819, baƙon da bai bi ta ƙofa ba zai daɗe yana lalube.

Darasi na biyu ya fi ciwo, domin yana taɓa abin da mutum yake ganin ya iya. Da yawa daga cikin waɗanda ake turowa 'yan kudancin Kaduna ne, ko Filato, ko ƙasar Tangale, ko Zuru, ko Tafawa Ɓalewa. Da Hausa aka yi musu baftisma, da ita suka yi makarantar Lahadi, da ita suke waƙa tun suna yara. Sai mutum ya hau bagade a ƙauyen Roni ya buɗe baki, ya ga 'yan mata na sunkuyar da kai suna ɓoye dariya, domin ya ce da mace "ya zo", ko ya cusa Turanci uku a jimla ɗaya. Tsofaffin mata ba sa ɓoye-ɓoye, bayan sujada za su gyara masa a gaban kowa. Wanda ya ɗauki gyaran, cikin shekara guda bakinsa zai faɗa. Zai koyi cewa gaisuwa ba ta ƙarewa a ina kwana: akwai gajiya, akwai iyali, akwai sanyi ko zafi, akwai ya ruwa, akwai ya mai jiki. Zai koyi cewa mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka in yana rubuta sunayen iyali a littafin coci sai ya nemi wani ya faɗa masa. Zai koyi cewa a gidan maƙwabcinsa Musulmi iyakarsa zaure.

Gona ce albashi

Ma'aikacin ƙaramar ikilisiya ba ya rayuwa da alawus. Ana ba shi wani abu a wata, daga baikon jama'arsa ko daga wata babbar coci ta birni da ta ɗauki nauyinsa, amma abin ba ya kai shi ƙarshen wata, wani lokacin ma ya makara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur ɗin da yake zagaya ƙauyuka biyu ko uku da shi ya zama wani bakin da ake ciyarwa a gidan. Saboda haka dole ya yi noma, kuma a nan ne ƙasa ke koya masa nata darasin.

Ya zo da irin masara daga gida, inda ruwa ke sauka tun Afrilu har Oktoba. Nan kuwa jigawa ce, yashi ne, damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Masara ba taki mai yawa ba ta yi. Dattijon da ya ba shi aron gona zai gaya masa sau ɗaya: Malam, gero za ka sa, ka ratsa wake a tsakani, gefen can ka zuba gyaɗa ko riɗi. In ya ji, ya ci tuwo. In bai ji ba, zai ga zangarniyar maƙwabta ta yi kai, tasa masarar ta tsaya iya gwiwa ta yi ja. Daga nan zai fara tambaya: yaushe ake shuka bayan ruwan farko, yaya ake yi da wuta-wuta in ta kama gona, wa ke da shanun huɗa. Sau da yawa mai shanun Musulmi ne, kuma shi ne zai zo da sassafe ya yi wa malamin coci huɗa, a biya shi ko a bar shi sai kaka. A ganina babu ajin da ke sauke wa mai ilimi girman kai kamar wannan. Mutumin da ranar Lahadi yake tsaye kowa na saurarensa, ranar Litinin yana durƙushe a kunya, tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana nuna masa yadda ake riƙe hauya.

Akwai ranar da jama'ar coci ke yi wa gonar malami gayya. Maza su jeru da fartanya, matasa na gasa, mata su kawo kunu da ɗanwake a bakin gona. Kafin rana ta take an gama noman da zai ɗauke shi mako biyu. Wannan ma wani albashin ne, kuma ba a rubuta shi a takarda. Amma gayya bashi ce. Wanda aka yi wa, in an kira ta wani dole a gan shi da tasa fartanyar.

Noma ne kuma ke tsara masa lokutan ibada. Da damina addu'ar safe sai da duku-duku, kafin a tafi gona, kuma duk malamin da ya sa taron dattawa da hantsi a watan Yuli shi kaɗai zai zauna. Da kaka coci ta cika, a yi baikon godiya: damin gero, kwanon wake, kaza a ɗaure, ƙwai a ƙwarya, kabewa, duk a jibge gaban bagade, daga baya a sayar ko a zuba a rumbun coci. Da rani kuwa samari sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, sai ya waiga ya ga mata da tsofaffi da yara. Ga kuma kasuwa. Manyan kasuwannin Dambatta da Mai'aduwa duk ranar Lahadi suke ci, kuma mutumin da zai sayar da akuya ya sayi magani ba zai jira Litinin ba. Sabon malami kan yi wa'azi mai zafi a kan wannan. Wanda ya kwana biyu kan matso da sujada da wuri, ya taƙaita, don mai zuwa kasuwa ya samu duka biyun.

Rabin aikin na matarsa ne

Takardar aiki sunan miji take ɗauke da shi, amma duk wanda ya san ƙauye ya san rabin aikin a hannun Mama yake, kamar yadda jama'a ke kiranta ko da shekarunta ashirin da biyar. Ita ce ke bin layi a rijiyar burtsatse, inda ake jin labarin gari kafin ya kai zaure. Ita ce ke shiga gidajen da mijinta ba zai taɓa wuce ƙofarsu ba: barka in an haihu, suna, dubiya, biki, zaman makoki. Ita ce za ta fara gane cewa zanen da take fita da shi a garinsu ba zai yi a nan ba sai da mayafi, kuma ba wanda zai gaya mata da baki, a ido za ta karanta.

A cikin coci kuma ita ce uwar Zumuntar Mata, ƙungiyar da kowa ya san ita ce ƙashin bayan ikilisiyoyin Arewa. Ranar taronsu za ka gan su da anko, an kafa tulu a tsakiya, wata na buga bakinsa da faifan roba yana ba da amo mai zurfi, wasu na kaɗa caki, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi, da salon da ba shi da bambanci da waƙar daɓe ko ta niƙa da kakanninsu suka yi. Su ne ke tara kwano-kwano na hatsi don gwauruwa, su ne ke dafa abincin baƙi, su ne ke sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Matar malamin da ta zo da niyyar koya musu, takan tarar su ne za su koya mata: yadda ake tuwon gero ba gudaji, yadda ake miyar kuka da daddawa, yadda ake yi wa uwar miji magana.

Akwai wani gado kuma da mishan suka bari, wanda yake bin iyalin malami ko sun so ko ba su so ba. Mutane na ɗauka gidan coci gidan magani ne. Tsakar dare za a buga ƙofa, yaro na zazzaɓi, ko mace na naƙuda ta gagara. Malam ba likita ba ne, abin da yake da shi babur ne da waya mai caji. Sai ya tayar da babur, a kama hanyar asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa. Ba ya tambayar addinin mai naƙuda, su ma masu buga ƙofar ba su tambayi nasa ba.

Wuƙar Kirsimeti

In ana son a ga yadda zaman yake a kusa, a je ranar jajibirin Kirsimeti. An sayi akuya ko an haɗa kuɗi an sayi sa. Malamin da ya saba yanka da hannunsa a garinsu zai ɗauko wuƙa, sai wani dattijo ya riƙe masa hannu ya ce a dakata, an aika a kira mahauci. Mahaucin Musulmi ne. Zai zo ya fuskantar da dabbar alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, a ba shi ɗan abin da aka saba. Dalilin a fili yake: gobe za a zuba shinkafa da nama a kwanuka, yara su rarraba gida-gida, kuma ana so maƙwabci ya ci hankalinsa kwance. Wasu sababbin malamai kan yi gardama a kan wannan, su ce me ya sa. Amsar dattawa ba ta da tsawo: abincin da maƙwabcinka ba zai ci ba, don wa ka dafa?

Kwanon ba ya komawa haka nan. Da azumi, in an sha ruwa, kunun tsamiya da ƙosai za su shigo gidan malami. Da babbar salla yaransa sai sun gaji da naman layya. Shi kuma ya koyi kada ya tsaya a bakin hanya yana shan ruwa da tsakar rana a watan Ramadan, ya koyi rage ƙarar lasifika in lokacin salla ya yi, ya koyi cewa in an yi rasuwa a unguwa zai je ya zauna a tabarma tare da kowa, ya yi ta'aziyya, ya yi shiru in ana addu'a. Ba wanda ya bar addininsa a cikin wannan duka. Liman na nan a kan nasa, malamin coci na nan a kan nasa, kowa ya san inda suka rabu. Abin da suka haɗu a kai shi ne rijiya ɗaya suke sha, kuma in gobara ta tashi a gidan ɗaya, ɗayan ne zai fara isowa da bokiti.

Inda ƙaya take

Zai zama rashin gaskiya a tsaya a nan. A watan Nuwamban 2003 an ƙona coci-coci a garin Kazaure bayan zargin ɓatanci, a watan Satumban 2006 kuma aka yi irin haka a Dutse. Waɗanda suka ga waɗannan ranaku ba su manta ba, kuma suna cikin abin da ake fara gaya wa sabon zuwa da murya ƙasa-ƙasa: ka kula da bakinka, ka kula da bakin yaranka a makaranta, ka ja kunnen matasa a kan abin da suke rubutawa a Facebook, kada ka shiga musun addini a shagon mai shayi ko da an ja ka. Mutum ya kwana da sanin cewa kalma ɗaya, ko jita-jitar kalma ɗaya, na iya rushe abin da aka gina a shekara talatin, wannan nauyi ne da ba a gani a fuska. Malamai da yawa na ɗauke da shi, matansu sun fi su.

Sai kuma ƙananan ƙayoyi na kullum, waɗanda ba sa shiga jarida. Shugabannin Kirista a jihohin Arewa maso yamma sun daɗe suna kuka kan wahalar samun takardar fili don gina coci, da filin binne matattu, da rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. A ƙauye wannan na nufin yaron malami zai zauna a waje lokacin darasin addini, ko a tura shi wurin dangi a Sabon Garin Kano ko Zariya ko Jos tun yana ɗan shekara takwas. Iyaye da yawa a wannan aiki sun fi jin zafin rabuwa da 'ya'ya a kan rashin kuɗi. Bahaushe Kirista kuma yana da nasa ciwon na daban: a coci ta birni a yi masa kallon baƙo saboda rigarsa da hularsa, a ofis kuma a yi shakkar ɗan ƙasa ne saboda sunansa na baftisma.

Cikin ikilisiyar ma akwai abin da makaranta ba ta shirya mutum a kansa ba. Ga dattijo mai mata biyu, tun kafin ya karɓi bangaskiya ya aure su, kowace da 'ya'yanta. Dokar coci mace ɗaya ta sani. Wacce za a ce ya saka, kuma ina za ta? Ga giya, wadda a al'adar Maguzawa take cikin biki da gayya da makoki, ikilisiya kuma ta hana. Ga tsohuwar da ba ta fashin sujada, amma in jikanta ya yi rashin lafiya akwai inda take zuwa da dare. Sabon malami mai zafin jini kan so ya gyara duka a wata uku, ya sa wannan a horo, ya hana wancan jibin Ubangiji. Abin da yakan biyo baya shi ne bencina su yi sauƙi, gida guda ya ɗauke ƙafa, kuma gida guda a ƙauyen Maguzawa na iya zama rubu'in coci. Waɗanda suka daɗe a aikin ba su sauya koyarwarsu ba, amma sun koyi zuwa gidan mutum da yamma, su zauna a gindin bishiya, su yi maganar sau goma kafin su yi ta sau ɗaya a bagade. Ina ganin su ne suka fahimci aikin.

Wani abin kuma shi ne ƙanƙantar wurin. Wanda ya yi mafarkin tsayawa gaban dubu, ga shi gaban mutum talatin, rabinsu yara. Shi ne mai wa'azi, shi ne mai buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen taya ne a rataye a bishiya. Shi ne mai share coci in mata sun tafi biki, shi ne mai koyar da karatun Hausa ga manya da rani, shi ne mai cika wa mutane takardar asibiti. Shekara na iya wucewa bai yi wa baligi ko ɗaya baftisma ba. Abokan karatunsa na birni na turo hotunan sababbin gine-gine a waya. Wasu ba sa jurewa, su yi ta kai da kawowa a ofishin gunduma har a mayar da su gari, kuma ba na ganin laifinsu. Waɗanda suka zauna kuwa, in ka je ƙauyen bayan shekaru, za ka tarar har Musulmin wurin na kiran sunansu da alheri, suna tuna wanda ya kai matar wane asibiti, da wanda ya koya wa wane karatu.

Saura magana ga masu iko da abin. Shugabannin ikilisiya da ke zaune a Jos da Kano da Dutse, ku riƙa biyan waɗannan mutane ɗan haƙƙinsu a kan lokaci, ku dubi karatun 'ya'yansu, ku kai musu ziyara ba sai ranar karɓar rahoto ba. Kada ku tura saurayi wannan yanki ba tare da ya zauna ko wata guda ƙarƙashin wanda ya san wurin ba. In za ku yi canjin wurin aiki, ku bari a yi girbi, domin ɗauke mutum a watan Agusta raba shi da abincin shekara ne. Ku kuma ƙara horar da 'ya'yan Masihiyawa su riƙe cocinsu da kansu, tun da su ba sai an koya musu gaisuwa ko noman gero ba.

Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai kuwa, waɗannan manoma talakawanku ne, kakanninsu na kwance a ƙasar nan. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin addininsa, ya kuma hana a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba a makaranta. Filin da za su binne mamatansu, da takardar ɗan wurin da suke sujada, da malamin da zai koya wa 'ya'yansu addininsu a firamare, ba sai an jira Abuja ba. Ana iya fara maganar a 'Yankwashi, a Roni, a Gwiwa, a Babura da Kazaure, kuma ya kamata a fara ta bana.